Ɗan kwikwiyo mai ɓarna: haƙori ne, ba mugunta ba

A wani rangadi da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin jihar Maraɗi, mun tarar da wani magidanci zaune a aji ba littafi a hannunsa. Da muka tambayi dalili, sai ya sa hannu aljihu ya fiddo abin da ya rage: bango da shafi uku, duk sun sha yawu. Ɗan kwikwiyon da ya samo don gadin garkarsa ne ya yi wannan aiki. Kafin littafin, ya lalata takalmin uwargida, ya tsinke igiyar guga, ya huda gidan sauron yara. Magidancin ya ce ya yi duka har ya gaji. Ya yanke shawara ranar kasuwa zai kai shi bayan gari ya yar.

Aji ya kwashe da dariya. Amma da aka natsu, sai kowa ya shiga ba da nasa labari. Mun ga ashe matsalar ta gidaje da yawa ce. Shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Manomi yana bukatar kare don garka da rumbu. Makiyayi yana bukatarsa don garke. Malamanmu sun sanar da mu cewa an yarda a ajiye kare don gadin gona, da kiwo, da farauta. To, wanda ya ɗauko dabba ya kawo gidansa, ya ɗauki amana. Ya kamata ya san halinta.

Me ke sa kwikwiyo tauna?

Dalili na farko shi ne haƙori. Ana haihuwar kwikwiyo ba haƙori ko ɗaya. Daga mako 3 zuwa mako 6, haƙoran nono suna fitowa, guda 28. Idan ya kai wata 3 zuwa 4, sai ya fara famfara kamar yaro. Haƙoran nono su zube, na girma su fito, guda 42. Wannan aiki yana kai shi wata 6 ko 7. A duk tsawon lokacin, dasashinsa yana ƙaiƙayi yana ciwo. Tauna ce ke rage masa zafin. Uwar da ta ga ɗanta yana kai komi baki lokacin haƙori, ta san wannan hali.

Dalili na biyu shi ne yunwa. Gidaje da yawa ba su tuna kare sai da dare, idan an kankare tukunya. Cikin kwikwiyo ƙarami ne, ba ya riƙe abincin wuni guda. Kwikwiyo mai yunwa zai bi duk abin da ke da ƙanshin mai ko nama: akushi, ludayi, fatar da aka shanya.

Dalili na uku shi ne kaɗaici da rashin aiki. An raba shi da uwarsa, an ɗaure shi a gindin icce, kowa ya tafi gona. Ba abokin wasa, ba wurin gudu. Abin da ke kusa da bakinsa shi zai sha wahala. Yakan zaɓi takalmi da tsumma saboda suna ɗauke da ƙanshin mutanen gidan.

Duka ba ya magani

Kare ba ya haɗa laifin safe da dukan maraice. Idan muka dawo daga gona muka tarar da ɓarna muka ɗauki sanda, abin da zai koya ɗaya ne: dawowar maigida masifa ce. Gobe zai sake tauna, sai dai a ɓoye. Karen da ya tashi da duka yakan zama matsoraci, ko ya zama mai cizo. Matsoraci ba ya gadi. Mai cizo kuwa haɗari ne ga ɗiyanmu da na maƙwabta.

Abubuwa biyar da za mu yi

1. Mu ɗauke kaya. Takalma su hau katanga ko su shiga ɗaki. Littafi ya shiga jaka, a rataye. A naɗe tabarma, a ɗage gidan sauro da safe, a rataye guga da igiyarsa. Wayar sola da cajar salula su bi ta sama. Abin da baki bai kai gare shi ba, ba ya lalacewa.

2. Mu ba shi nasa abin tauna. Igiya mai kauri da aka ƙulle ƙulli biyu ko uku tana yi. Babban yanki na busasshiyar fatar dabbar da aka yanka lafiyayya yana yi. Ɗanyen karas daga garka yana yi. Lokacin famfara, a jiƙa igiyar da ruwan randa mai sanyi, sanyin yana kwantar da dasashi. Idan abin taunar ya ƙanƙance har zai iya haɗiye shi, a karɓe a sake wani. Kada mu ba shi tsohon takalmi. Kare bai san bambancin tsoho da sabo ba.

3. Mu yi musanya nan take. Idan muka kama shi da kayanmu a baki, mu ce "Bari!" sau ɗaya da murya mai ƙarfi. Mu karɓi kayan, mu miƙa masa nasa. Da ya kama nasa, mu yaba masa da murya mai daɗi. Duk gidan a yi amfani da kalma ɗaya. Idan maigida yana hani, yara suna jan tsumma da shi, ba zai gane komi ba. Kada yara su ba shi hannu ko ƙafa ya yi wasa da su.

4. Mu ciyar da shi a kan lokaci. Kafin ya kai wata 6, a ba shi abinci sau 3 a wuni: tuwo, ɗan nono, guntun nama idan an samu. Ya samu kwanonsa na kansa, dabam da na mutane, da ruwa mai tsabta kullum. A nemi maganin tsutsar ciki wurin likitan dabbobi.

5. Mu gajiyar da shi. A tafi da shi gona ko kiwo da sanyin safe da na maraice. Karen da ya sha gudu, barci yake nema. Idan za a bar gida ba kowa, a sa shi cikin ɗan shinge mai inuwa, da ruwa da abin taunarsa. Ɗaure kwikwiyo wuni guda cikin rana zalunci ne.

Wanda zai samo sabon kwikwiyo, ya bari ya cika wata 2 wurin uwarsa. A nan yake koyon sassauta cizo cikin wasa da ƴan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwan da ke kashe shi

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo da kifi, yana tsagewa ya soki hanji. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro, leda da tsumma suna toshe ciki. Albasa, ɗanya ko dafaffa, tana lalata jinin kare. Masu noman albasa na Galmi da kewaye su lura da wannan. Maganin ɓera, maganin ƙwari, takin zamani da tsohon batir, duk a kulle su nesa da kare, nesa da yara. Idan kwikwiyo yana ta amai, ya ƙi abinci, ciki ya kumbura, a kai shi gidan likitan dabbobi ran nan.

Taunar da ba ta haƙori ba

A nan sai mu buɗe ido. Idan kare ya sake hali farat ɗaya, yana cizon dutse da icce da ƙasa, yawu na zuba, muryarsa ta sake, yana kai wa kowa hari, wannan ba famfara ba ce. Mai yiwuwa cutar haukan kare ce, kuma tana kama kwikwiyo kamar yadda take kama babba. Kada a taɓa shi. A janye yara, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10, kusan 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ana tare ta tun kafin nan. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a tafi gidan likita ba tare da an kwana ba. Shi kuma kwikwiyo, a yi masa allurar rigakafi idan ya kai wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likitan dabbobi ya faɗa.

Wannan ne ya sa muka roƙi magidancin nan kada ya yar da karensa. Kwikwiyon da aka yar ba ɓacewa yake ba. Yana shiga cikin karnukan da ba su da mai su, ba allura, ba abinci, suna yawo a juji da mahauta da hanyar makarantar ɗiyanmu.

Da muka koma ƙauyen bayan damana, mun tarar da karen kwance a bakin garka, ya gama famfara. Maigidan ya kafa ƙusa a bango inda yake rataye jakar littafinsa. Ya ce har yanzu idan an manta da takalmi a tsakar gida, sai an bi sawunsa. Haka ne, wasu karnuka ba su barin halin sarai sai sun wuce shekara. Haƙurin ƴan watanni ne, gadin kuwa na shekaru ne.

Ƴan'uwa masu karatu, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma tara yaran gida ya bayyana musu, don su ne suka fi zama da kare. Allah ya tsare mu, ya tsare bisashenmu.