Kanwa a Tukunyar Wake

Duk matar da ta saba ɗora wake a murhu, a Magariya ko Dungas, ta san aikin kanwa. Wake akwai taurin kai. In ba a jefa masa ɗan gutsuren kanwa ba, sai ya cinye itace bai nuna ba. Wannan aikin ne wasan ƙabilu yake yi a zamanmu.

Turawa ma suna da nasu. Faransawa na ba da labaran wauta a kan mutanen Beljiyam, mutanen Ingila na tsokanar na Sikotilan da rowa, Jamusawa kuwa ana yi musu ba'a da bin doka da agogo. Sai dai galibi a bayan ido ake yi, kuma ba wani hakki da dariyar ke ɗora wa mai yinta.

Namu gaba da gaba ne. Je ka kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis, inda mutanen Dungas ke tsallaka iyaka da shanu da raƙuma. Babarbare zai hangi Bafulatanin da bai taɓa gani ba, ya kira shi bawansa, ya nemi nonon da ya kawo wa ubangida. Bafulatani ya rama da wadda ta fi zafi, jama'a su kwashe da dariya, ciniki ya faɗa cikin sauƙi. Bakano da Badamagare ma haka suke, alhali a shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai wa Kano yaƙi, zamanin Sarki Alu. An zubar da jini sosai. Yau jikokinsu gardamar wa ya kori wa suke yi, hannunsu cikin akushi ɗaya.

Kuma da nauyi a ciki. Abokin wasa ba a yi masa fushi. In shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani, rai ya ɓaci, shi ne ke iya shiga tsakani ya faɗi maganar da ba wanda zai iya faɗa, a kuma saurare shi. Taubasai na bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Saboda irin wannan ne hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Amma kanwa da awo ake sa ta. In ta yi yawa, wake ya dagargaje, ya yi baƙi, ba mai kai loma ta biyu. Abin da ke damuna ke nan da wasu samarinmu a Facebook da WhatsApp: suna zagin ƙabilar da ba wasa tsakaninsu da ita, su taɓa iyaye da addini, in an yi magana su ce ai wasa ne. Wannan cin mutunci ne.

Iyaye da kakanni, ku zaunar da yaran nan, ku faɗa musu su wane ne abokan wasansu, da dalili, da kuma inda ake tsayawa.