Yadda Zumunci Ke Riƙe Da Fataucin Shanu Da Goro Tsakanin Arewa Da Kurmi

Fataucin shanu da goro yana cikin sana'o'in da suka fi daɗewa suna haɗa Arewacin Nijeriya da ƙasar Yarabawa. Shanu suna gangarawa Kurmi, goro yana hawowa Arewa, dukiya mai yawa kuwa tana sauya hannu ba tare da lauya ko takardar yarjejeniya ba. Abin da ke riƙe da wannan harka shi ne dangantakar da ke tsakanin mutanen da ke cikinta, watau falke da maigida da dillali da mahauci. Unguwar Sabo ta birnin Badun ita ce wurin da aka fi nazarin wannan tsari, kuma darasinta yana da amfani ga duk mai ba da kaya bashi.

Matsalar da fatauci ke fuskanta

An kafa Sabo cikin 1916 domin Hausawan da suka zauna a Badun. Kafin wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko cikin 1901, ya kai Kano cikin 1911, noman goro kuma ya fara bunƙasa a ƙasar Yarabawa. Fataken da a da suke bin hanyar Gwanja sai suka sami goro kusa, kuma suka sami kasuwar nama a biranen Kudu.

Kayan nan biyu duka ba su jure jira. Saniyar Arewa idan ta shiga Kurmi tana cikin haɗarin cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, saboda haka tilas a sayar da ita da wuri kafin ta rame. Goro kuwa ɗanyen kaya ne mai son kulawa. Sai an riƙa buɗe huhu ana tsince wanda ya lalace, ana sauya ganye, in ba haka ba a yi hasarar kaya duka.

Ga kuma matsalar kuɗi. Mahauci ba ya da jarin da zai biya saniya nan take, sai ya yanka ya sayar da nama tukuna. Falken da ya zo daga Arewa bai san mahaucin ba, ba ya jin harshensa, ba zai kuma iya zama ya bi bashi gida gida ba. In ya ƙi ba da bashi, dabbobinsa su lalace a hannunsa. In ya bayar, yana iya rasa dukiyarsa.

Aikin maigida

Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo cikin 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a kan binciken cikin 1969. Ya tarar da cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 kowace shekara a kasuwar Badun, mafi yawansu bisa bashi, kuma a kowane lokaci bashin da ke yawo a kasuwar ya kai kimanin fam 100,000. Mutanen unguwar a lokacin ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba.

Wanda ya warware matsalar shi ne maigida. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kuɗi. Yana da dillalai a ƙarƙashinsa waɗanda suka daɗe a kasuwa, suna jin Yarabanci, sun san kowane mahauci da halinsa wajen biya da yawan bashin da ke kansa. Idan aka yi ciniki, maigida ne ke tsaya wa mahauci. In mahauci ya kasa biya, maigida zai biya falke daga aljihunsa, domin in bai biya ba labari zai kai Arewa, baƙi su daina sauka a gidansa. Mahaucin da ya ci amana kuwa, masu gidaje sukan haɗa baki su daina sayar masa har sai ya biya.

Idan aka dubi wannan da idon tattalin arziki, za a ga mutum ɗaya yana yin aikin masauki da banki da inshora da ofishin tantance masu cin bashi. La'adar da ake biya ita ce farashin waɗannan ayyuka. Malama Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi cikin 1966, abin da ke nuna cewa ba Badun kaɗai ba ne.

Abin da ke hana yaro cin amana

Maigida ba zai iya zama a ko'ina ba. Yana aika yaransa da kuɗi masu yawa zuwa ƙauyukan goro, yana barin dillalai su ɗaure shi da alkawarin biya. Abin da ke hana su gudu da dukiya shi ne yadda rayuwarsu ta sarƙe da tasa. Sau da yawa shi ya riƙe yaro tun yana ƙarami, shi ya yi masa aure, a gidansa yake zaune, a bayan malami ɗaya suke salla. Wanda ya ci amana zai rasa aiki da muhalli da surukai da mutunci a rana ɗaya, kuma sunansa zai riga shi isa Shagamu da Agege da Kano.

Wannan shi ne abin da masana suke kira jarin zumunci. Douglass North, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki cikin 1993, ya yi suna ne a kan bayanin cewa ciniki yana da tsadar da ba ta cikin farashin kaya, watau tsadar neman labari da ta tilasta cika alkawari, kuma al'ummar da ta rage wannan tsada ita ke cin kasuwa. Hausawan Sabo sun rage ta da harshe ɗaya da addini ɗaya da auratayya da shugabanci ɗaya a hannun sarkin unguwa. Haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi a fataucin Gwanja tun ƙarni na 19.

Zumuncin nan bai tsaya ga kasuwa ba. Baƙon da ya sauka ba shi da kowa yana samun wurin kwana da ɗan aikin dako kafin ya tsaya da ƙafarsa. Cohen ya tarar da makafi da guragu da kutare kowanne rukuni da sarkinsa, ana tsara yadda sadaka za ta kai gare su. Matan aure da ke cikin kulle suna dafa abincin sayarwa, yara suna kai musu talla, suna tara jarinsu na kansu. A zamanin da babu fansho ko inshorar lafiya ga ɗan kasuwa, unguwa ce madogararsa ran ciwo da ran tsufa.

Yadda sana'a ta ƙarfafa asali

Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne cewa zama a Kurmi bai sa mutanen Sabo sun narke cikin Yarabawa ba. Ya ƙara musu riƙon Hausanci ne, domin Hausancin shi ne takardar shiga harkar. A farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta raunana ikon da Turawa suka bai wa sarkin unguwa, mafi yawan mazan Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya cikin ɗan lokaci kaɗan. Cikin 1952 suka fara sallar Juma'a a masallacinsu na Sabo maimakon babban masallacin gari. Cohen ya fassara wannan da cewa wazifar kullum da biyayya ga malamai sun maye gurbin haɗin kan da hukuma ta daina tabbatarwa. Ana iya yi masa gardama cewa ya rage wa imanin mutane daraja, amma ba a musun cewa mutanen da ke haɗuwa kowace rana a zawiya ɗaya sun fi wuyar cutar juna.

Inda tsarin ke da rauni

Katangar da ke kare na ciki ita ke tare na waje. Mai basira wanda ba shi da maigida yana shan wuya kafin ya sami shiga, yaron gida kuma yana iya tsufa yana jiran ranar da za a sallame shi da jari. Tun da amana tana rataye ga mutum ɗaya, mutuwar maigida ko karyewarsa takan tafi da dukiyar mutane da yawa, musamman inda ba a rubuta kome ba.

Babban haɗari kuwa shi ne idan sana'a ta zama tambarin ƙabila, rigimar kasuwa takan koma rigimar ƙabilanci. Rikicin Shagamu na watan Yuli 1999 ya ci rayuka, ya kuma jawo ramuwar gayya a Kano. An yi irinsa a kasuwar Mile 12 ta Ikko cikin Maris 2016, da kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu 2021. Bayan na Shasha, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Farashin nama da tumatir ya tashi a Ikko, a Arewa kuma tumatir ya yi kwantai a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ɗanɗana hasara.

Abin da ya sauya

Yau tirela ce ke ɗaukar shanu, wayar hannu tana kai farashin Ikko zuwa Potiskum ko Maigatari nan take, kuɗi kuma suna tafiya ta banki. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da dama ga buɗe asusu da karɓar kuɗi ta waya. Waɗannan sun rage buƙatar maigida wajen ajiyar kuɗi da kawo labari. Amma waya ba ta gaya wa falke ko mai saye zai cika alkawari, ba ta kuma biyan bashin wanda ya gudu. Don haka har yanzu ana neman wanda zai tsaya wa wani.

Doka ma ta buɗe wata ƙofa. Cikin 2017 aka sa hannu a kan dokar da ta halatta jinginar da dukiya mai motsi, har da dabbobi da kayan shago, tare da dokar tattara tarihin masu cin bashi. Cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Sai dai banki ba ya ganin mutuncin da ba a rubuce yake ba. Dillalin da ya shekara talatin bai taɓa cin kuɗin kowa ba, a idon banki daidai yake da wanda ya fara jiya.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne su mai da amanar da suka gada abin da za a iya nunawa: littafin bashi mai kwanan wata da shaidu, asusun ƙungiya mai rajista, da ƙa'idar sallamar yaro wadda kowa ya san lokacinta. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Haka nan ya kamata shugabannin kasuwa su riƙa zama da takwarorinsu na ƙungiyoyin mahauta da masu masaukinsu tun kafin rigima ta tashi, domin bashin da ke tsakanin falke da mahauci yana biyuwa ne kawai idan kasuwa ta buɗe washegari.