Dokin da ba a auna ba: Gaskiyar ƙarin ƙarfin injin tarbo a zafin Maiduguri

Tsakanin Damaturu da Maiduguri akwai tazarar kilomita kusan 130. Ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi Borno ya san yadda hira ke yankewa a cikin mota da zarar an wuce Benisheik, ana kallon agogo, ana lissafin Mainok da Jakana da Auno. A daren 9 ga Fabrairun 2020 ne mahara suka kashe aƙalla mutum 30 a Auno, akasarinsu matafiya da suka kwana a bakin hanya domin sun iso bayan an rufe hanyar shiga birni. Direban da ya san wannan tarihi ba ya bukatar a faɗa masa amfanin mota mai amsa totur.

Saboda haka tayin ƙara wa inji ƙarfi yana da saurin shiga kunne a wannan yanki. Mai gyara zai jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar mota, ya sauya lissafin da kamfani ya rubuta a ciki, wani lokaci ya haɗa da sauya salansa ko matatar iska, sannan ya ce an sami ƙarin doki talatin ko arba'in. Direba ya zagaya, ya ji ƙarar inji ta ƙaru, ya ce lallai mota ta farka. Idan motar ta ofis ce, takardar biyan kuɗi za ta isa teburin wani jami'i a Abuja wanda bai taɓa hawanta ba. Kafin ya sa hannu, ya kamata ya san wanda ya auna wannan ƙarin, da abin da aka auna shi da shi, da lokacin da aka yi awon.

Abin da tarbo ke yi

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Tarbo fanka biyu ce a kan sanda guda: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana danna iska cikin silinda fiye da abin da injin zai iya zuƙa da kansa. Injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905. A ƙananan motocin yau, sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya.

Manyan motocin da jami'ai ke hawa sun koma wannan tsari. Land Cruiser 300 da Toyota ta fitar a 2021 ta ajiye tsohon inji mai silinda takwas, ta ɗauki mai silinda shida da tarbo biyu, wanda na fetur ɗinsa ke ba da doki 409. Hilux mai injin dizal na lita 2.8, tun daga gyaran 2020, tana ba da kilowat 150, wato doki 200 da 'yan kai.

A irin waɗannan injuna, ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke yawan iskar da tarbo zai danna, da yawan man da za a fesa, da lokacin kunna shi. Kamfani yakan bar rata tsakanin abin da injin ke bayarwa da iyakar abin da zai iya, domin motar ta jure mummunan mai da zafi da jinkirin juyen baƙin mai a kowace ƙasa aka kai ta. Mai gyara daga wannan rata yake yanko ƙarin dokin da yake sayarwa. Ƙarin na iya zama gaskiya, har ya kai kashi 15 ko 20 cikin ɗari a injin tarbo, abin da ba a samu a injin da ba shi da tarbo. Sai dai ratar da aka cinye ita ce garkuwar injin, kuma Maiduguri na cikin wuraren da aka tanade ta dominsu.

Doki nawa, a wane ma'auni

James Watt ne ya yaɗa awon ƙarfin inji da doki a ƙarni na 18. Doki ɗaya na Ingila da Amurka wat 746 ne, na Jamus da Japan kuwa kusan 735, shi ya sa mota ɗaya kan fito da lamba biyu a takardu daban-daban. Kilowat ba ya da wannan ruɗani. Ana samun sa ne idan aka ninka ƙarfin murɗawar inji da yawan juyinsa a minti, aka raba da 9,549. Waccan Hilux, mai giyar otomatik, tana murɗawa da ƙarfin 500 a ma'aunin nuton-mita har zuwa juyi 2,800, abin da ke ba da kilowat 147 a wannan gaɓa.

Na'urar da ke auna wannan ita ce dainamomita, wadda masu sana'ar ke taƙaita wa daino. Asalinta birkin da Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙirƙira a 1821. Ta zamani manyan ganguna ne na ƙarfe a cikin daɓe: a hau da mota, a ɗaure ta, a taka totur har ƙasa a giya guda, kwamfuta ta zana yadda ƙarfi ke hawa da sauka.

Nan ne kofar ruɗu ta farko take. Lambar da kamfani ke bugawa ƙarfin inji ne tsirara, kafin ya bi ta giyabos da aksul. Daino kuwa a taya take aunawa, bayan an yi asarar kashi 10 zuwa 15 a mota mai jan taya biyu, fiye da haka a mai jan huɗu. Wasu na'urorin suna ƙiyasta asarar su mayar da ita kan lambar. Duk wanda ya kwatanta awon taya na kafin gyara da ƙiyasin inji na bayan gyara zai ga ƙarin doki talatin ko da ba a taɓa motar ba.

Zafin bazara yana cikin lissafi

Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, iskar shaƙa da ke cikin kowace lita tata ba ta kai ba. A watan Afrilu zafin rana a Maiduguri yakan haura digiri 40, alhali da asuba yana kusa da 25. Tsakanin digiri 25 da 43 nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 6 cikin ɗari. Idan aka yi awon farko da azahar, aka yi na biyu washegari da sanyin safiya, yanayi ne ya ba da wani kaso na ribar da mai gyara zai karɓi ladanta.

Domin kauce wa haka ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta kafa ƙa'idar SAE J1349, wadda ke mayar da kowane awo kamar an yi shi a digiri 25 da matsin iska na kilofaskal 99. Amma an tsara lissafin ne domin awon da aka yi tsakanin digiri 15 da 35. Tsakar ranar bazara a Borno ta fita daga wannan da'ira. Bugu da ƙari, injin tarbo na zamani yakan cike wani ɓangare na giɓin da kansa ta hanyar ƙara danna iska, don haka idan aka sake ɗora masa gyaran lissafi sai lambar ta kumbura. Takardar awo ta gaskiya tana nuna lamba biyu, ɗanyar da gyararriyar, tare da zafin wurin a lokacin.

Zafi yana da wata illa da ta fi wannan. Iskar da tarbo ya danna tana fitowa da zafin da ya wuce digiri 100, sai ta bi ta wani ƙaramin lagireto na iska ta huce kafin ta shiga silinda. Wannan lagireto da iskar waje yake sanyaya, ba zai iya sauke zafi ƙasa da nata ba. A taka ta farko, yana da sanyi, lamba ta yi kyau. A ta huɗu ko ta biyar a jere ƙarfensa ya ɗauki zafi, ƙwaƙwalwar mota ta fara janye lokacin kunna wuta ko rage mai domin kare fistin, ƙarfi ya sauka. Motar da aka ƙara wa matsi ba tare da an ƙara mata sanyaya ba tana iya komawa inda ta fito, ko ƙasa da nan. Direban da ke kan hanyar Damaturu da ƙarfe biyu na rana, da kaya da fasinja da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, yana rayuwa ne a taka ta biyar.

Mai da ƙura

Yawancin lissafin da ake sayowa ta intanet an rubuta shi ne domin fetur mai lambar okten 95 ko 98 na Turai. Fetur ɗin gidajen man Najeriya yana wajen 90 zuwa 91. Ƙarancin okten a ƙarƙashin babban matsi yana sa mai ya fashe kafin lokacinsa, ya riƙa dukan kan fistin, kuma daga nan ne ake kai wa ga abin da makanikai ke kira bugawar inji. Ingancin man ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata motoci a Legas da Abuja. A Borno kuwa, inda tafiya ƙauyuka kan tilasta sayen mai a jarka, ba kullum direba ke sanin abin da ya zuba ba.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata kaso. Buɗaɗɗiyar matatar iska irin ta tsere tana ƙara ƙara, ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne, kuma takan bar ƙura ta wuce ta ci fukafukan tarbo da ringi. A ɗaya ɓangaren, motar da matatarta ta toshe, ko wadda ruwa ya shiga wayoyinta a ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024, ta riga ta yi asarar ƙarfi. Idan aka yi mata sabis da gyaran ƙwaƙwalwa a rana ɗaya, dokin da ya dawo gida ne ake sayarwa a matsayin sabo. Tsarin da ya dace shi ne a fara da sabis, a auna, a yi gyaran, a sake aunawa.

Awo ba tare da daino ba

Daino na'ura ce mai tsada, ba a kowane gari ake samun ta ba. Amma ana iya awo mai ma'ana da shimfiɗaɗɗiyar kwalta marar cunkoso da na'urar GPS mai ɗaukar lokaci. A zaɓi giya guda, a taka daga gudun kilomita 60 zuwa 100 a awa, sau biyar zuwa, sau biyar dawowa, domin soke tasirin iska da gangara. A riƙe nauyi ɗaya, iskar taya ɗaya, mai daga gida ɗaya, da sa'a ɗaya ta yini.

Misali, mota mai nauyin kilo 2,200 tana bukatar kusan kilojul 543 kafin ta tashi daga 60 zuwa 100. Idan ta yi hakan a daƙiƙa 8, matsakaicin ƙarfin da ya tafi ga hanzarta ta kilowat 68 ne. Idan bayan gyara ta yi a daƙiƙa 7, ya zama kusan 78, ƙarin kashi 14 cikin ɗari. Ƙaramar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari za ta nuna zafin iskar da ke shiga inji da matsin tarbo a kowace taka, a ga ko ribar ta tsaya ko ta narke. Awon kan hanya ba abin rainawa ba ne: da shi masu bincike na Jami'ar West Virginia suka gano cewa motocin dizal na Volkswagen suna nuna hali ɗaya a ɗakin gwaji, wani daban a titi, badaƙalar da ta fito fili a Satumban 2015 ta shafi motoci kusan miliyan 11.

Ko ribar ta tabbata, tana da iyaka. Ƙarfin da ake bukata domin keta iska yana ƙaruwa ninki takwas idan gudu ya ninka biyu, don haka ƙarin ƙarfi na kashi 20 kusan kashi 6 kawai yake ƙara wa ƙarshen gudun mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙananan motoci a manyan hanyoyi. Inda ƙarin ke da amfani shi ne wajen wuce tirela, da tashi daga shingen bincike, da jan mota mai sulke wadda aka ɗora wa ɗaruruwan kilo na ƙarfe da gilashi. Birki da taya da kuloci kuwa suna nan yadda kamfani ya ƙera su.

Kafin a sa hannu

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora wa jami'ai nauyin tabbatar da cewa abin da aka saya ya cancanci kuɗin da aka biya. Gyaran ƙwaƙwalwar inji yana da wuyar tantancewa domin ba a ganin sa da ido, kuma yakan soke garantin kamfani a kan inji da giyabos. Abin da jami'i zai nema a cikin fayil bai da yawa: awon kafin gyara da na bayansa a na'ura ɗaya, kwanan wata da zafin wuri a kan kowanne, sakamakon taka biyar a jere, bayanin man da aka rubuta lissafin dominsa, da kwafin lissafin kamfani na asali domin a iya mayar da shi. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan ba, domin gani ya kori ji.

Takardar da ta zo ba tare da su ba alkawari ne kawai. A hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, motar da ta yi jinkirin minti goma za ta kwana a cikin birni, wadda gaskit ɗinta ya ƙone a bayan Jakana da la'asar kuwa sai dai mutanen cikinta su fito su tsaya a bakin hanya suna jiran taimako.