Harajin Mai da Kuɗin Jirgin Fasinja a Amurka

Akwai batutuwa biyu da ba su rasa tasowa duk sa'ad da Majalisar Dokokin Amurka ta zauna a kan dokar sufuri. Na ɗaya shi ne irin makamashin da zai maye gurbin fetur da dizal, na biyu kuwa inda za a samo kuɗin riƙe jirgin ƙasa na fasinja. Wanda ya hango su daga nesa sai ya zaci ba abin da ya haɗa su. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna igiya guda ce ta ɗaure su, watau harajin da a ke ɗorawa bisa kowane galan na mai. Ya kamata mai karatu na nan ƙasar, wanda ya daɗe da sabawa da gwamnati tana tallafa wa farashin fetur har zuwa 2023, ya riƙe a ransa cewa a can al'amarin a juye ya ke: mai mota ne ke ba gwamnati wani abu duk lokacin da ya sha mai. Galan ɗin Amurka kuwa wajen lita 3.8 ne.

Gwamnatin tarayya ta fara karɓar wannan haraji a 1932, senti 1 a galan, kuma babban baitulmali ya ke shiga kamar sauran haraji. A 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, aka yi dokar gina manyan hanyoyin mota masu haɗa jihohi, tsawon mil 41,000. Aka ɗaga harajin zuwa senti 3, aka kafa masa asusu na musamman, aka ce abin da ya shiga wannan asusu aikin hanya kaɗai za a yi da shi. Tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin ginin, jihohi suka ɗauki sauran. Hikimar tsarin ita ce yana ciyar da kansa. In an gina hanya motoci su ƙaru, in motoci sun ƙaru a sha mai, in an sha mai asusu ya cika, sa'an nan a ƙara wata hanyar. Injiniyan jiha yana iya tsara aikin shekara goma ba tare da fargabar kuɗi za su yanke masa a tsakiya ba.

Jirgin fasinja bai sami irin wannan gata ba, hasali ma shi wannan tsari ya fi kassarawa. A lokacin kamfanonin 'yan kasuwa ne ke da hanyoyin dogo, su ke gyaransu da kuɗinsu, su kuma biya harajin ƙasa a kansu. Fasinja suka koma mota da jirgin sama. A 1967 gidan waya ya janye yawancin wasiƙun da ya ke aikawa ta jiragen fasinja, alhali kuɗin dakon wasiƙun nan ne ke rufa wa jirage da yawa asiri. A 1970 kamfanin Penn Central, wanda ya fi kowane girma a arewa maso gabas, ya karye. A wannan shekara Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta kafa Amtrak, wanda ya fara aiki ran 1 ga Mayu 1971, bayan an soke wajen rabin jiragen da ke tafiya tsakanin birane. Amma ba a yi masa asusu ba. Kowace shekara sai ya je gaban Majalisa ya nemi abin da za a yanka masa daga babban baitulmali.

Daga nan ne wata magana ta samo asali wadda aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, cewa hanyar mota masu bin ta ke biyanta, jirgin fasinja kuwa ɗan bara ne. A 1982 aka ƙara senti 5 a kan harajin, aka ware senti 1 daga ciki don motocin bas da jiragen cikin gari, amma ba a sa Amtrak a rabon ba. A 1997 Sanata William Roth na jihar Delaware ya yi ƙoƙarin a yanka masa rabin senti kacal. Bai samu ba. Abin da aka yi shi ne aka ba kamfanin wajen dala biliyan 2 sau ɗaya, aka kuma kafa masa sharaɗi ya daina neman tallafin tafiyar da aiki kafin ƙarshen 2002, sharaɗin da bai cika ba. A 2008 wata doka ta ɗora wa jihohi nauyin duk layin da bai kai mil 750 ba, in banda babban layin arewa maso gabas.

To, ina sabon makamashi ya shigo? Ya shigo ne tun 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka bakin mai. A 1975 aka tilasta wa masu ƙera motoci su rage shan man motocinsu, a 1978 kuma aka yafe harajin galan, wanda a lokacin senti 4 ne, ga fetur ɗin da aka gauraya da itanol kashi 10 cikin 100. Itanol barasa ce da a ke tatsa daga masara, manoman tsakiyar ƙasar kuwa suna da baki a Majalisa. Duk galan ɗin da aka sayar da wannan rangwame asusun hanyoyi ne ke asara, har sai da aka gyara dokar a 2004 aka mai da nauyin rangwamen kan babban baitulmali. Rangwamen ya ƙare a ƙarshen 2011, amma gaurayawar ta zauna, domin dokokin 2005 da 2007 sun wajabta ta. Wannan ciwo ne mai magani, tun da itanol ruwa ne, a galan a ke auna shi, a na iya ɗora masa haraji kamar fetur.

Motar lantarki ita ce ba ta da galan. Tana taka hanya, nauyinta ma ya kan fi na 'yar'uwarta mai fetur saboda batir, amma ko senti ɗaya ba ta sakawa a asusun tarayya. Sai dai a yi adalci: yawanta bai kai a ɗora mata laifin ramin da ke asusun ba tukuna. Babban dalili shi ne tun 1993 harajin ya tsaya cik a senti 18.4 ga fetur da 24.4 ga dizal. Ƙayyadadden senti ne, ba ya tashi in farashi ya tashi, don haka abin da ya ke iya saye yau bai kai rabin abin da ya saya a 1993 ba. Ba ɗan majalisar da ke son a ce shi ya ƙara wa jama'a kuɗin mai. Motar lantarki dai ta zo ta nuna cewa ko an ƙara harajin, ma'aunin kansa yana da ranar ƙarewa. Jihohi fiye da 30 sun sa wa masu irin wannan mota ƙarin kuɗin rajista na shekara. Jihar Oregon, wadda ita ce ta fara harajin fetur a 1919, ta fara a 2015 wani tsari na sa kai inda a ke biya gwargwadon mil ɗin da aka yi.

A 2008 asusun hanyoyi ya kasa biyan abin da ke kansa, aka zuba masa dala biliyan 8 daga babban baitulmali. Aka yi ta maimaita haka, har jimlar abin da aka zuba zuwa 2021 ta haura dala biliyan 250. A ganina wannan ne muhimmin abin da ya faru a siyasar sufurin Amurka cikin wannan ƙarni, ko da ya ke ba a cika ambatonsa ba. Maganar nan ta cewa hanya tana biyan kanta ta faɗi, domin hanya da dogo yanzu ƙwarya ɗaya su ke ci. Bambancin da ya rage shi ne hanya ta riƙe tabbacin kuɗi na shekaru a jere, wanda ta gada daga 1956.

Wannan tabbaci kuwa shi ne abin da jirgin ƙasa ya fi bukata in a na son shi ma ya rabu da dizal. Jirgin ƙasa ya daɗe da sanin lantarki. Kamfanin Pennsylvania ya gama ja wa layin Niyok zuwa Washinton waya tun 1935, amma sashen New Haven zuwa Boston sai a 2000 aka fara bin sa da lantarki, shekara 65 ke nan a tsakani. Jan waya da kafa turaku da gina tashoshin wuta aiki ne mai cin jari da yawa tun farko, ribarsa kuwa a hankali ta ke zuwa cikin shekara 30 ko 40. Wanda bai san abin da za a ba shi baɗi ba ba ya shiga irin wannan aiki. Ga kuma wata matsala: daga cikin wajen mil 21,000 da Amtrak ke bi, mafi yawa mallakar kamfanonin jirgin kaya ne, ba ya kuwa da ikon ja wa dogon wani waya.

Saboda haka sai aka koma neman man da za a zuba wa injin da a ke da shi. A 2010 jirgin Heartland Flyer, mai tafiya tsakanin Birnin Oklahoma da Fort Worth ta jihar Teksas, ya yi gwajin shekara guda da dizal ɗin da kashi 20 cikin 100 nasa daga kitsen shanu aka yi shi. A 2023 wasu layukan Kalifoniya suka koma amfani da dizal ɗin da a ke tacewa daga tsohon man suya da makamantansa. Dabara ce mai kyau, kuma mai araha, sai dai tana da iyaka, don kitse da man suya ba su da yawan da za su wadaci jirgi da manyan motoci da jirgin sama gaba ɗaya. Ba ta kuma ƙara wa jirgi gudu yadda waya ke yi.

Ƙasar Suwizalan ta bi wata hanya dabam, wadda ta isa a duba. A 1998 jama'arta suka jefa ƙuri'a suka yarda a kafa wa dogo asusu, a riƙa ciyar da shi daga wani kaso na harajin mai da kuma kuɗin da a ke karɓa daga manyan motocin kaya. Wannan kuɗi, da aka fara karɓa a 2001, da nauyin mota da nisan tafiyarta a ke lissafa shi. Da asusun aka haƙa ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016. Amma ƙasar ƙarama ce, dogonta kusan duk na lantarki ne tun da daɗewa, kuma yawancinsa a hannun hukuma ya ke, abubuwa uku da Amurka ba ta da ko ɗaya.

Abin da Amurka ta yi mafi kusa da haka shi ne dokar ayyukan raya ƙasa ta Nuwamba 2021, zamanin Shugaba Biden. Ta ware wa dogo dala biliyan 66, daga ciki biliyan 22 na Amtrak kai tsaye, kuma ta ware su tun gaba na shekara biyar, abin da kamfanin bai taɓa samu ba tun kafuwarsa. Ita wannan doka ce kuma ta zuba wa asusun hanyoyi dala biliyan 118 daga babban baitulmali, ba ta taɓa harajin galan ba. Wa'adin da aka yanka mata daga shekarar kuɗi ta 2022 ne zuwa ƙarshen Satumba 2026.