YADDA AKE CIRE SILINDAR DA TA CIJE A TSOHON BABUR

A bayan ɗakin ajiya na ikkilisiyarmu akwai wani tsohon babur da ya yi shekaru a jingine. Na wani dattijo ne mai bishara, wanda ya zaga ƙauyuka da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Da ikkilisiya ta so ta ba sabon mai bishara abin hawa, sai aka tura mana shi ɗakin koyon sana'a, aka ce mu gwada. Muka taka kik, ko motsi bai yi ba. Abin da muka koya wajen kwance shi, shi ne muke so mu bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu.

Babur ɗin Honda CG125 ne, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975. Silindarsa ɗaya ce, faɗin raminta milimita 56.5. A cikin ramin nan fistan yake hawa da sauka. Fistan na alminiyam ne, amma zobban da ke kewaye da shi, wato ringi, na baƙin ƙarfe ne, haka ma bangon ramin.

Abu biyu ke sa inji ya cije. Na fari zafi ne: in baƙin mai ya ƙare ana cikin tafiya, fistan yakan kumbura ya manne da bango. Na biyu tsatsa ce, ita ce kuwa ta kama namu. In aka ajiye babur bawul ɗaya yana buɗe, laimar damina takan bi ta salansa ko ta kafireto ta shiga ciki. Sannu a hankali tsatsa ta ɗaure ringi da bango, su zama kamar ƙarfe guda.

Gargaɗin farko da malaminmu ya yi mana shi ne, kada kowa ya hau kik ya yi tsalle. Ƙarfin ƙafa ba ya karya tsatsa, sai dai ya karya haƙoran kik. Ga shi kuwa kayan tsohon babur na asali ba a ko'ina ake samunsu ba.

Muka wanke injin, muka sauke shi a kan tebur. Muka cire filogi da kafireto da salansa, sa'an nan murfin sama da sandunan nan biyu masu tura bawul. Notinan kan silinda kuwa ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar saura. Ana sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, domin kada kan ya karkace. Kowane abu muka cire, sai mu sa shi a gwangwaninsa mu rubuta suna. Da kan ya tashi sai ga saman fistan, tsatsa ta yi masa ja a kewaye.

Daga nan sai jiƙo. Muka goge dattin da ke sama, muka zuba kananzir gauraye da ɗan baƙin mai har ya rufe fistan, muka rufe da tsumma. Kowace safiya kafin sujada mukan leƙa. Kwana huɗu man yana nan yadda muka bar shi, har waɗansunmu suka ce a kawo babbar guduma a huta. Malam ya hana. A rana ta biyar sai muka ga ya ragu. Wannan ita ce alamar da ake jira, domin tana nuna man ya sami hanya yana ratsa ringi. Muka ƙara, muka sake jira, har kwana tara.

Sai a lura, silinda takan kafe a wuri biyu. Ban da fistan, gindinta ma yakan manne da jikin inji saboda tsohon gasket da tsatsar dogayen ƙusoshin da ta zauna a kansu. A duba da kyau ko akwai ƙananan ƙusoshi a gindin da ba a kwance ba. Bayan haka a bubbuga ta da gudumar roba ko ta katako a wurin da ke da kauri. Kada a bugi fikafikan nan masu sanyaya inji, gama ba su da ƙwari. Kada kuma a cusa sukundireba a tsakani a banƙara, domin zai ci fuskar ƙarfen, mai ya riƙa yoyo har abada.

Ga dabarar da ta fi burge mu. Da gindin ya saki, muka buɗe murfin hagu, muka sa sifana a notin maganadisu muka juya a hankali. Tun da fistan da silinda a manne suke, sai suka ɗaga tare. Wannan ya tabbatar mana cewa ƙasan injin lafiya yake. Sai muka sa guntayen katako biyu masu ƙwari a ƙarƙashin silinda, dama da hagu. Muka fere wani katako daidai faɗin ramin, muka ɗora a kan fistan muna bugawa sannu sannu. Amfanin haka shi ne, nauyin bugun yana sauka a kan katako, fistan kuma yana da wurin da zai sauka. Amma in aka buga alhali fistan yana can ƙarshen sama ko ƙarshen ƙasa, bugun zai faɗa wa sandarsa da boris, a yi ɓarnar da ta fi ta farko.

Zafi ma yana taimako, in an san inda za a sa shi. Mun kwarara tafasasshen ruwa a bayan silinda, ba a kan fistan ba. Dalili kuwa, alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka in fistan ya yi zafi sai ya ƙara cijewa. Kada a kusantar da wuta inda kananzir yake.

Can sai fistan ya motsa kamar faɗin gashi. Muka ƙara mai, muka buga, muka ƙara katako a ƙasa. Kafin ya fita muka toshe bakin injin da tsumma mai tsabta, don kada guntun ringi ya faɗa ciki. Haka silinda ta fito, ba fiffike ko ɗaya da ya karye.

Tsatsa ta riga ta ci bangon, don haka muka kai wa masu gurza silinda. Akan sami fistan mai ƙarin faɗi na milimita 0.25, ko 0.50, ko 0.75, ko 1.00. Namu 0.50 ya ishe shi. Muka sa sabon ringi da sabon gasket, muka zuba sabon mai. Ranar da ya tashi, dattijon da kansa ya zo ya ji ƙararsa.

Duk mai niyyar ajiye babur, ya zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi, ya taka kik kaɗan, ya ajiye shi inda ruwa ba ya taɓawa, ya kuma riƙa juya injin ko sau ɗaya a wata. Kayan ikkilisiya amana ne a hannunmu. Wanda kuma nasa ya riga ya cije, to, ya tuna cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Muna godiya ga malaminmu da ya riƙe mana guduma har kwana tara. Allah ya kiyaye mai bishara a hanya, amin.