Dalilin Juriyar Agwagwa ga Murar Tsuntsaye: Darasi ga Ƙasar Yawuri

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya samu ya zama mahaɗar tsuntsayen ruwa, irin su kirinjijiya da ɗinya, da kuma agwagin daji masu ƙaura daga Turai lokacin hunturu. A ƙauyukan Yawuri da Ngaski da Shanga kuwa, agwagwa da kaza tsakar gida ɗaya suke kiwo. A wannan takarda za mu duba abin da ya sa murar tsuntsaye takan karkashe kaji, alhali agwagwa tana iya ɗauke da ita ba alamar ciwo.

A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan cewa tantanin jiki, idan ƙwayar bairas ta shige shi, yakan fitar da wani sinadari mai suna intafiron, wanda ke faɗakar da maƙwabtansa su hana bairas hayayyafa. Amma kafin a yi shela sai an sami mai gadin da ya ga ɓarawo. Ɗaya daga cikin masu gadin nan shi ne RIG-I, wanda yakan gane bairas ɗin mura, ya miƙa saƙo ga MAVS, sa'an nan a fitar da intafiron. A 2010 Katharine Magor da abokan aikinta na Jami'ar Alberta ta Kanada suka nuna cewa agwagwa tana da ƙwayar gado ta RIG-I, kaza kuwa ba ta da ita, sai ɗan'uwansa MDA5.

Sai dai juriya ba kuɓuta ba ce. Agwagwar da ba ta kwanta ba tana zubar da bairas cikin kashinta, a ruwan da kaji ke sha. Bugu da ƙari, agwagwar da muka fi kiwo, watau Maskobi mai jan tsiro a fuska, an ga ba ta kai jinsin Malad juriya ba.

Mun ga ɓarnar H5N1 lokacin da aka tabbatar da ɓullarta a Jaji, Jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka. Saboda haka muna ba da shawara a raba akurkin kaji da na agwagi, a raba musu mazubin ruwa, kuma duk gwajin da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom za ta yi a bakin tafkin ya haɗa da agwagi masu kamar lafiya.