Takoradi da Kano: Tsohuwar Hanyar da Na Nuna wa Autana

Shekara 14 ke nan ina sana'ar atamfa a Takoradi da ke bakin tekun Gana. Kwanaki autana ya dawo daga makaranta fuska a murtuke. Wai an ce kowa ya rubuto tarihin garinsu.

"Baba, ni wanne zan rubuta? Takoradi an ce ba namu ba ne, Kano kuma ban san ta ba."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaro an haife shi a nan, amma yana ganin kansa baƙo ko ta ina. Ranar Asabar sai na bar wa yaron shago kasuwa, na ce da autan ya sa takalmi mu fita.

Mun fara da Sekondi, tagwayen Takoradi. Na nuna masa bakin ruwa, na ce a da manyan jiragen ruwa can nesa suke tsayawa, sai ƙananan kwale-kwale su yi ta jigilar kaya cikin igiyar ruwa. Layin dogo daga nan ya isa Kumasi a 1903. Ta nan goron ƙasar Asante ya riƙa gangarowa, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. Fataken da ke bin goron nan kuwa mutanenmu ne, irin waɗanda suka zauna a zanguna.

Daga nan muka wuce inda ake hango tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Kafin a gina ta, wurin ƙauyen masunta ne kawai. A zamanin Gwamna Guggisberg aka soma aikin, aka buɗe ta a 1928, ita ce ta farko mai zurfin ruwa a ƙasar. Har gobe ta nan koko da katako da ma'adinai ke fita.

Abin da ya fi kama hankalinsa shi ne filin jirgin sama, wanda yanzu sojojin saman Gana ke amfani da shi. Na ce masa a 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Bahar Rum ta zama hatsari ga Ingila, ga shi tana son kai jiragen yaƙi Masar. Dabarar da suka yi ita ce su zubo jiragen gunduwa-gunduwa cikin akwatuna ta ruwa, a sauke a Takoradi, a harhaɗa su a nan, sannan su tashi. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940: Hurricane guda shida, Blenheim ɗaya na yi musu jagora. Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar.

"Ta ina suke bi, Baba?"

Na ƙirga masa da yatsu: Legas, Kano, Maiduguri, su tsallaka Cadi da Darfur zuwa Khartum, sannan su bi Kogin Nilu har Alƙahira.

Ya zaro ido. "Kano tamu?"

"Ita fa. Jirgin da aka ɗaure wa kusoshi a garin da aka haife ka, a garin kakanka yake shan mai."

A daren ya zauna ya cika shafi biyu, ya zana taswira, ya ja layi daga Takoradi zuwa Kano.

'Yan'uwa mazauna Kwatano, Lome, Duwala da sauran garuruwan bakin teku, neman halak ya ɗauke mana hankali, mun bar yara ba su san abin da ya haɗa garin haihuwarsu da gida ba. Ku tambayi dattawan zango tun suna raye, ku ware yini guda ku zaga da yaran. Ni cinikin Asabar ɗaya na rasa, yanzu kuma autan ya matsa mini lamba sai mun je Kano da hutu, wai yana so ya ga filin jirgin da idonsa.